Tungar Namaiwa a Takardar Ƙosai

Wata ranar kasuwa ce cikin kakar 1991, watanni kaɗan bayan an yanke mu daga Sakkwato an ce mun zama 'yan Jihar Kebbi. Inna ta aike ni sayen ƙosai wurin Hajo mai tuya, a bakin hanyar tashar Jega, inda hayaƙin kaskonta ke gauraya da warin albasa da na man mota. Hajo ta saba naɗe wa mutane ƙosai a yagaggen buhun siminti, amma ran nan sai ta miƙa hannu ƙarƙashin kujerarta ta zaro wata takarda mai kauri, mai launin kunun gero, ta zuba ta barbaɗa yaji ta miƙo mini. Ban yi nisa ba mai ya ratsa takardar, sai na hangi wani shuɗin layi siriri kamar zare yana lanƙwasa yana bin gefenta, ga ɗige-ɗige baƙaƙe, ga ƙananan rubutu a gefen kowane ɗigo. Na tsaya a tsakiyar hanya, masu kura suna yi mini tsawa, na kai ta kusa da idona. Kalmar da na fara karantawa ita ce Jega. Nan take na juye ƙosan da zafinsa cikin gefen gyalena don kada mai ya ƙara ɓata takardar, na isa gida na sha ranƙwashi wurin Inna, amma ko a jikina.

Ina aji biyar na firamare a lokacin, kuma kaina cike yake da littattafan soyayya na kasuwa, masu bango mai hoton fure da zuciya. Duk takardar da na tsinta a ƙasa sai na duba, ko wasiƙar wani masoyi ce ta ɓace masa. Luba ce ke ba ni aron littattafan. Gidansu yana bayan namu, ita da mahaifiyarta, domin mahaifinta ya rasu tun tana ƙarama. Ita ke yi mini kitso ranar Alhamis a gindin dalbejiyar gidansu, ina riƙe da littafi ina karanta mata da ƙarfi, in na zo wurin da saurayi ya yi kuka sai ta ja gashina ta ce, "Ke wuce nan, maza ba su kuka haka." Kowa a unguwa ya san ita da yayana Bashir suna son juna. Shi malamin firamare ne sabon kama aiki, dogo, mai ƙaunar guga, ba ya fita sai da biro biyu a aljihu. A idona su biyun sun fi duk waɗanda ke cikin littafi kyau, kuma na riga na gama rubuta ƙarshen labarinsu a zuciyata.

Gidanmu ba ya rasa komai na rayuwar talaka mai rufin asiri. Baba yana ɗinkin buhunan albasa a kasuwa, Inna tana ƙuli-ƙuli, muna da awaki da rijiya da rumbun gero ɗaya. Da safe in yi shara in wanke kwanuka, da yamma in taya surfe, in an gama mu fita dandali gaɗa da 'yar carafke. Abu ɗaya ne ba mu da shi, shi ne gari. Kowace yarinya a ajinmu tana da ƙauyen da ake kai ta hutu, ta dawo da goruba da labarin kawunnai. Wannan ta ce Giwa Tazo, waccan ta ce Mungadi. Ranar da malaminmu ya zana sabuwar jiha a allo ya ce kowa ya tashi ya faɗi garin kakanninsa, ni na ce Tungar Namaiwa, kamar yadda Kaka ta koya mini. Malam ya ce bai taɓa jin sunan ba, ya tambayi aji, sai wata ta ce daga baya, "Su ai ruwa ya kawo su." Aka kwashe da dariya. Abin da ake faɗa a kanmu ke nan a unguwa: kakanmu ya zo Jega yana saurayi yana dako a bakin gulbi, shi da 'yar ƙanen ubansa da ya aura, ba wanda ya san daga ina suka ɓullo.

'Yar ƙanen uban nan ita ce Kaka, mahaifiyar Baba. Idonta ya yi rauni, amma bakinta bai tsufa ba. Tana zaune kullum a ƙofar ɗakinta tana ɓarar gyaɗa, tana ba mu labarin wani gari da kakanta Namaiwa ya sara, mai kukoki da rijiya mai ruwan daɗi, wanda agana ta shiga ta kwashe mutane, sauran suka watse cikin duniya tana 'yar yarinya. In ka tambaye ta ina garin yake, sai ta ɗaga hannu ta nuna kudu, shi ke nan. Har mu jikokinta mun fara ɗaukar abin kamar tatsuniya.

Da yammar ranar nan na zauna kusa da ita na shimfiɗa takardar a cinyata, ina karanta sunayen ɗaya bayan ɗaya don in ji daɗin bakina. Na karanta Maiyama, na karanta Gumbin Kure, na bi wani layi mai ɗige-ɗige da yatsa har wurin da mai ya fi jiƙa takardar, na haɗa baƙaƙen da ƙyar na furta. Sai na ji ƙarar gyaɗar ta tsaya. "Mi kic ce?" in ji Kaka. Na maimaita. Ta laluba ta kama hannuna da ƙarfin da ban san tana da shi ba, ta ce, "Sake hwaɗi, ɗiyan nan." Na sake faɗa, Tungar Namaiwa. Ta karɓi takardar ta shafa ta da tafin hannu, ta kai hanci, ba abin da ta ji sai ƙamshin ƙosai, sannan ta ɗaga murya ta kira Yaya da sunan wasan da take kiransa, "Angona, taho ka gani, ashe ba ƙarya nika yi ba."

Ba Kaka kaɗai abin ya shafa ba. Tun kafin damina Baba ya aika abokansa biyu Aliero wurin baffan Luba, wanda shi ne waliyyinta, babban manomin albasa mai rumfunan ajiya da yawa. Ya karɓe su da mutunci, ya ce za su yi binciken asali kamar yadda aka saba, za a ji daga gare su. Damina ta wuce, aka yanke gero, ba a ji komai ba. Manya sun san ma'anar irin wannan shirun, Yaya kuwa ya rame, ya daina guga. Saboda haka da ya duƙa ya karanta sunan da idonsa, bai ko sa takalmi ba ya ruga wurin Hajo. Ta ce masa wani masinja ne ya kawo mata damin takardu daga tsohon ofis da ake sharewa don sababbin ma'aikata, kuma babbar takardar ita ta yayyaga ta da safe. "Malam, sauran na cikin cikin mutane," in ji ta tana dariya, "amma duba ƙarƙashin kujera." Ya dawo da guntaye a cikin hula. Muka kwana biyu muna jera su a tabarma kamar masu ɗinkin ƙwarya, muna haɗa shuɗin layi da shuɗin layi, muka jiƙa ƙaro muka manna su a kan wani tsohon farin zanen Kaka. Ta fito da giɓi nan da can, da tabon mai kamar tsibirai, amma taswira ce sosai ta zamanin Turawa, daga Aliero a sama har ƙasa da Maiyama.

Yaya ya nuna mini yadda ake karanta ta. A ƙasa akwai wani ɗan layi mai gaɓa-gaɓa da ke faɗin nisan tafiya, sai ya karya tsinken tsintsiya daidai tsawonsa, yana aunawa daga gari zuwa gari. Ya ce layi mai ɗige-ɗige hanyar ƙafa ce ta fatake, kuma hanyoyin nan ba su cika mutuwa ba, sai dai su zama burtali. Duk ranar da ba makaranta sai ya ari keke ya tafi, ya dawo da ƙaya a wando. Ya tambaya a Mungadi, ya tambaya a Giwa Tazo, aka yi ta tura shi daga wannan tsoho zuwa wancan. A Gumbin Kure aka ce da ya zo bara da ya tarar da wani dattijo da ya san duk kufan da ke ƙasar nan da masu su, amma ya rasu da damina. Sai wata rana ya shigo gida yana haki, ya ce ya ga kukoki a daidai inda tsinken tsintsiya ya ce.

Tafiyar da muka yi da Kaka ita ce rana mafi daɗi a ƙuruciyata, kuma ita ce nake jin ɗacinta fiye da kowace. Mun shiga a-kori-kura zuwa Maiyama, daga nan wani mai amalanken shanu ya ɗauke mu. Ni ina rungume da taswirar a naɗe, ina jin kaina kamar jarumar littafi. Wurin gona ce kawai, an girbe gero, kara a tsaye, ga manyan kukoki sun yi da'ira. Aka sauke Kaka, ta cire takalmi, ta taka ƙasar, ta dafa wata kuka mai kogo. Daga nan ta fara tafiya kamar mai ido, tana nuna wurare da sanda. Nan ne gidan Namaiwa, nan gidan ɗansa Jibo wanda ya haifi kakanmu, nan gidan Tanko mahaifinta, can masallaci, can maƙera. Ta ce mu duba gabas da kukar akwai rijiya, muka duba muka ga wani kwari da ya cika da ƙasa da tsingaron tukwane. Na tsinci rabin dutsen niƙa, ya lotsa a tsakiya saboda hannun matan da ban sani ba. Yaya yana biye da ita yana rubuta sunayen a gefen zanen, wane ya haifi wane, har ya iso kan Baba da kanmu. Manomin da ke da gonar ya zo ya gaishe mu, ya ce su dai sun gaji wurin ana ce masa kufai, ba su san na su wa ne ba. A hanyar komawa Kaka ta yi ta tsokanar Yaya, "To ango, ga gari na ba ka, saura ka yi mini rowar goron biki."

Baba ya ji labari ya yi hamdala, amma ya ce a bi a sannu. Nufinsa a kai Kaka wurin limamin unguwa ta faɗi abin da ta sani, liman ya nemi dattawan Maiyama da za su iya cewa sun taɓa ji, sannan a aika manya Aliero da goro. Ya ce, "Bashiru, ba a zuwa neman aure da bakin kai, kuma mai neman ɗiya ƙasa yaka dubi." Yaya ya ce to. Amma wata ya kama ya mutu, liman bai samu sukuni ba, aka shiga cirar albasa, Baba ya koma kwana kasuwa, sannan aka fara raɗe-raɗin wani dillali yana kai gaisuwa gidan baffan Luba. Wata Asabar Yaya ya goge rigarsa, ya ɗauki taswirar, ya hau bayan babur ɗin abokinsa Sani, suka nufi Aliero. Na gan shi yana fita, na ji zuciyata ta yi fari, domin a littattafan da na karanta haka jarumi ke yi, ya je da hujjarsa, mugun baffa ya sunkuyar da kai, a sa ranar biki a shafi na gaba.

Sani ne ya ba Inna labarin abin da ya faru, ina zaune ina tankaɗe. Sun tarar da baffan a zaurensa bayan la'asar, tare da manoma da dillalai cike da wurin. Yaya ya gaida su, maimakon ya tsaya daga bakin ƙofa sai ya matsa ya shimfiɗa zanen a gaban dattijon, ya fara bayani kamar yana aji, ga gulbi, ga hanya, ga garin kakanninmu. Mutane suka miƙo wuya. Baffan ya bar shi ya gama, ya dubi tabon man, ya yi murmushi. Shi mutum ne mai alfahari da ƙauyen kakanninsa, Gidan Jaɓɓi, wanda kullum yake cewa ya girmi garuruwa da yawa a ƙasar. Sai ya ce, "Madalla, malam. Tunda takardarka ta san kowa, nuna mani Gidan Jaɓɓi." Yaya ya bi da yatsa, ya zaro tsinkensa ya auna, ya sake aunawa. Wurin yana nan lafiya lau, ba giɓi ba tabo, amma babu ɗigo, sai alamar itatuwa. Sani ya ce shi yana ta taka masa ƙafa don ya ce wurin yana cikin guntun da aka ci da ƙosai. Yaya bai iya ba. Ya ɗago kai ya ce, "Baffa, sa'ad da anka zana wagga, ba a kafa shi ba. Wurin daji na." Wani dillali a can lungu ya saki dariya, wani ya taya shi. Baffan ya gyara zaman hularsa ya ce a hankali, "Ashe kai ne ka zo binciken asalinmu. Naɗe zanen tsohuwarka, yaro. Asali bakin mutane ka hwaɗinai, ba takardar ƙosai ba."

Baba da liman sun je ban haƙuri, aka karɓe su a tsaye. Kayan gaisuwar da aka kai tun farko aka dawo da su a kan wata yarinya, ko ƙwayar goro ba ta yi ciwon kai ba. Amma abin da ya fi ci mini rai shi ne Luba. Na ɗauka za ta ƙi cin abinci, ta kwanta ciwo, ta rubuto wasiƙa da hawaye. Ba ta yi ko ɗaya ba. Ta tare Yaya a bakin rijiyar unguwa, ina riƙe da guga, ta ce masa ba tare da ɗaga murya ba, "Ni na taɓa tambayarka asali? Mutumin da ya riƙe ni tun ina marainiya ka je ka sa anka yi mai dariya cikin zaurenai. Da wane ido zan dube shi in ce kai nika so?" Yaya ya ce gaskiya ya faɗa. Ta ce, "To ka aure ta." Ranar Alhamis na je kitso, mahaifiyarta ta ce ba ta jin daɗi. Na ajiye mata littafinta a kan turmi na dawo. Bayan shekara ta auri dillalin, da yardarta, aka kai ta Aliero cikin mota mai rufi, muna jin guɗa daga tsakar gidanmu. Tun daga lokacin in na buɗe littafin soyayya na kai shafin ƙarshe sai in ji kamar ana yi mini ba'a.

Kaka ba ta daɗe ba bayan haka. Ita dai ta samu abin da take so, ta taka ƙasar garinsu, kuma har ta rasu tana cewa a gaya wa masu cewa ruwa ya kawo mu su je su ga rijiyarmu. Ba wanda ya je. A unguwa ba a daina faɗa ba, sai ma aka ƙara mana sabon suna, 'yan takardar ƙosai. Yaya kuwa ya kasa sakin maganar. Ya shiga neman tsoffin taswirori kamar mai neman magani, ya je Sakkwato, ya je har Kaduna inda ake ajiye takardun da, ya dawo da kwafin wata da ta fi tamu tsufa, ita ma ga Tungar Namaiwa a jiki, babu Gidan Jaɓɓi. Ya nuna wa duk wanda ya yarda ya tsaya, ba wanda ya musa masa, ba kuma abin da ya canja. Mutane suka riƙa zuwa wurinsa daga ƙauyuka, wannan yana neman kufan kakansa, wancan yana son sanin ta inda danginsu suka ƙetaro gulbi, shi kuwa ya bar aji ya hau keke ya raka su. Ya samo wa gidaje da yawa garuruwansu. Aikin koyarwa ya suɓuce masa saboda yawan fashi, ya yi aure sau ɗaya bai daɗe ba.

Yanzu 'ya'yana suna buɗe waya su ga rufin gidanmu daga sama, su ga har motar da ke tsaye a ƙofa. Na taɓa cewa babbar 'yata ta rubuta Tungar Namaiwa ta nema, wayar ta ce babu wuri mai wannan suna. An ce kukokin ma an sare su, gonar ta zama ta albasa, an haƙa rijiyar burtsatse kusa da inda tamu ta rufta. Yaran yanzu ba mai tambayarsu garin kakanninsu a aji, kuma na ga an ɗaura aure da yawa a Jega ba wanda ya aika binciken kowa, in dai akwai abin hannu. Rabin dutsen niƙan yana ɗakina, ina tare ƙofa da shi.

Yaya Bashir yana nan da rai, gemu ya yi fari. Kamasho yake yi a tashar Jega, kusa da inda Hajo take tuya a da, taswirar tana naɗe cikin leda a jakar da ba ya rabuwa da ita. Direbobi suna ji da shi domin babu lungun da bai sani ba. In na je kasuwa nakan tsaya daga nesa in saurare shi yana kiran fasinja, "Maiyama! Mungadi! Giwa Tazo!" Wani lokaci, in mota ta kusa cika, sai ya ƙara da cewa, "Tungar Namaiwa, saura mutum guda!" Yaran mota su yi dariya, sun ɗauka wasan tsoho ne. Ni kaɗai ce a tashar nan na san garin gaskiya ne, kuma na san Luba ce aka bar wa kujerar.